Gwajin mura a Amurka: ƙaramin ko babban, amsa ga Maman Biyu

Maman Biyu, Allah ya ba yaro lafiya. Kin tambaya wanne za ki zaɓa tsakanin gwaje-gwajen mura biyu da asibiti suka ba ki zaɓi a yi wa yaron, ƙaramin ko babban. Ki ce musu ƙaramin kike so, mai duba abu huɗu, wato korona, fulu A da fulu B (nau'i biyu na mura mai tsanani) da RSV (wata ƙwayar cutar numfashi mai yawan kama yara). Lambarsa a takardar bil 87637. Tsinken auduga ɗaya ne a hanci, shi ke nan.

Ni shi ya fitar da ni bara lokacin sanyi. Autata ta kwana da zazzaɓi, jiki kamar garwashi, ko shayi ta ƙi sha, da safe na naɗe ta a bargo muka tafi ƙaramin asibitin unguwarmu, nas ta ɗauki majinar, ban gama cike fom da lallashinta ba sakamako ya fito wai fulu A ce. Nan take likita ya rubuta Tamiflu, kuma kin san maganin nan ya fi aiki in an fara shi cikin awa 48 da fara ciwo. Kwana uku sai ga ta tana rigimar a ba ta indomi. Inshora ta biya ba ko musu.

Babban kuwa, 87633, mai neman ƙwayoyin cuta 12 zuwa 25, na taɓa yarda aka yi wa yayanta, aka ce rhinovirus ne, wato murar da muka sani, a je gida a sha ruwa a huta. Sai bil ya biyo baya, inshora ta ce ba ta ga dalilin yin sa ba. Wata biyu ina waya.

Ko a farashin Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffi, ma bambancin a fili yake, ƙaramin wajen dala 142, babban wajen dala 416, asibiti kuma abin da zai rubuta miki ya fi haka nesa ba kusa ba. Babban yana da inda yake amfani fa, jariri ɗan watanni, wanda aka kwantar, ko mai raunin garkuwar jiki. In likita ya ce lallai shi ne, to a yi, amma ya rubuta dalili a fayil, don lambar cutar da suka sa, wadda ake kira ICD-10, ita inshora ke kallo kafin ta saki kuɗi. Lambar gwaji daban, lambar dalilin gwaji daban, in ba su dace da juna ba ke za a turo wa bil.

Kuma kar wani ya ce miki ai gwajin korona kyauta ne. Wancan zamanin ya wuce tun 11 ga Mayu 2023 da gwamnati ta janye dokar ta-ɓacin lafiya. Ki tambaya wane lab, wato ɗakin gwaji, za su tura majinar, yana cikin waɗanda inshorarki ke hulɗa da su? In babu inshora, doka ta ba ki damar neman ƙiyasin kuɗin a rubuce tun 2022.

Wani abu da ba ki tambaya ba: ki kiyayi masu kafa rumfa a bakin titi ko masu kiran waya wai gwaji kyauta, su dai a ba su katin inshora. Akwai lab-lab ɗin da hukuma ta kama suna yi wa mutum gwajin korona kawai, sai su lafta babban gwaji a bil. In takardar EOB, mai bayanin abin da aka caje da abin da inshora ta biya, ta zo daga inshora, kar ki jefa ta cikin tarkacen talla, ki duba lambar da ke jiki. Kin ga 87633 alhali 87637 kika yarda da shi, ki kira lambar wayar da ke bayan katin inshorarki ranar, ki kuma ce asibitin su ba ki bil mai jere da kowane abu da kuɗinsa kafin ki biya ko sisi.