Kano ko Umra: wace tafiya ta fi sauƙi ga mai wankin ƙoda daga Maraɗi?

Ɗan uwa, ka ce Baba yana wankin ƙoda sau 3 a mako, yana son ko dai ya yi mako biyu a Kano wajen 'ya'yansa, ko ya je Umra. Allah ya ƙara masa lafiya. Duka biyun suna yiwuwa idan likitansa ya yarda, amma kada a sayi tikiti sai an samu cibiyar da ta rubuto cewa ta ware masa inji, rana kaza, ƙarfe kaza.

Takardun da za a nema kusan ɗaya ne a ko'ina: gwajin ciwon hanta nau'in B da C da na HIV na kwanan nan, nauyinsa bayan an gama cire ruwa, awa nawa yake yi a kan inji, irin matatar da ake sa masa, yawan heparin (maganin hana jini daskarewa), bayanan wanki ukun ƙarshe, da jerin magunguna. Takardunmu da Faransanci suke, Kano da Saudiyya kuwa Turanci suke karantawa, don haka a sa a fassara tun a gida. Idan yana da ciwon hanta B a faɗa tun farko, domin injin daban ake ware wa irinsu kuma ba kowace cibiya ke da shi ba.

Kano ta fi sauƙi ta fuskar lokaci. Daga Maraɗi ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina, sannan Kano, tafiyar yini ɗaya ce. Ya yi wanki yau, ya kama hanya gobe, jibi ya hau inji, tsarinsa bai karye ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen ƙoda da ya daɗe, tun 2002 ake dashe a can, akwai kuma cibiyoyi masu zaman kansu. Matsalar ita ce layi da kuɗi. Kowane zama biyansa ake yi da naira, baƙo kuma bayan 'yan gida yake zuwa, saboda haka a riƙe sunan cibiya ta biyu ko da inji ya lalace. A kuma bincika halin boda kafin ranar.

Umra ita ce mai wuya, kuma wuyar a hanya take. Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, yini guda a mota, ga jiran jirgi, ga sauyi a wata ƙasa. Kafin a ankara an yi kwana 3 babu wanki, a nan ne sinadarin potasiyom ke taruwa ya rikita bugun zuciya, ruwa kuma ya cika huhu. Ko dai a shirya masa zama ɗaya a Yamai jajibirin tashi, ko a tashi ta Kano a jirgin da ba ya yada zango, kuma washegarin sauka ya hau inji. Za a buƙaci cibiya biyu, ɗaya a Makka ɗaya a Madina, a fara nemansu mako 6 zuwa 8 kafin tafiya. Kada a dogara da inshorar da ke cikin biza, sai kamfanin tafiya ya rubuta ko ta ɗauki wankin yau da kullum. Rigakafin sanƙarau a yi shi aƙalla kwana 10 kafin shiga, da katin rigakafin cutar shawara a hannu. Hajji kuwa zancensa daban: hukumar lafiyar Saudiyya ta sa masu wankin ƙoda cikin waɗanda ba a yarda su je ba.

Abinci ma ya bambanta. A Kano dangi ne za su kewaye shi da fura da nono, kilishi, tsire da miya mai dunƙule. Gishirin ya jawo ƙishi, ƙishin ya jawo ruwa. A Makka dabino da Zamzam ne jarabawar. Dabino cike yake da potasiyom, Zamzam kuma a lissafa shi cikin rabonsa na yini, wato kamar rabin lita a kan yawan fitsarin da yake yi. Ya kurɓa don albarka, kada ya cika kofi bayan kofi.

Hannun da aka haɗa wa jijiya don wanki kada a rataya masa jaka, kada a ɗaura agogo, a kare shi a cunkoson ɗawafi. Keken guragu a hawa na sama ya fi masa. Idan bututun wanki ne a wuyansa, ruwa bai kamata ya taɓa shi ba, wankan ihrami kuma sunna ne, a tambayi malami. Allurar ƙarin jini tana son sanyi maki 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas, a riƙe ta a kular hannu, kada ta shiga cikin kayan awo inda za ta iya daskarewa.

Shawarata, a fara da Kano a ga yadda jikinsa zai karɓi baƙon inji. Idan nauyinsa da hawan jininsa sun tsaya daidai, a shirya Umra tsakanin Disamba da Fabrairu, ba cikin azumi ba, kwana 10 sun isa. Kafin a tashi a gaya wa cibiyarsa ta gida ranar dawowa don kada a ba wani gurbinsa, kuma su sake gwada masa hanta idan ya dawo.