Lokoja ko Zungeru: Ina Za A Kai Yara?

Duk hutu sai iyaye a Abuja su tambaye ni wanne ya fi.

Lokoja ta fi abin kallo. Ga hasumiyar tunawa da sojojin yaƙin duniya, ga masaukin Gwamna Lugga a kan dutsen Patti, inda ake hango mahaɗar Neja da Binuwai. Can ma kabarin Sarkin Kano Alu yake, wanda Turawa suka kai bayan sun ci Kano a 1903. Matsalar hanyar dai tireloli.

Zungeru kuwa, wadda ta zama hedikwatar Arewa a 1902 kafin a mayar da hedikwatar Kaduna, gine-ginen Turawanta sun zama kangaye, ko gadar Lugga an kwashe ta zuwa Kaduna a 1954. A binciki tsaron hanya kafin a tashi.

Mai yara ya nufi Lokoja. Ɗalibin tarihi mai jure rana, Zungeru za ta ishe shi.