Farin ƙwai ko wake, wanne ya fi wa mai wankin ƙoda?

Injin wankin ƙoda fa duk zuwa sai ya ɗebe wa mutum sinadarin gina jiki, wato furotin, shi yasa in albumin, wani furotin da ake aunawa a jini, ya sauko ƙasa da 4 likita zai ce a ƙara furotin, wajen giram 1.2 kan kowane kilo na nauyinsa kullum. Ni dai farin ƙwai ne gaba, na ƙwai ɗaya ya kusa giram 4 na furotin, kuma fosfarus ɗinsa (sinadarin da ke taruwa a jinin mai ciwon ƙoda) kaɗan ne, gwaiduwar ce za a rage don ita ce mai fosfarus ɗin. Wake ya fi araha gaskiya ga ƙosarwa, amma sinadarin fotashiyam gare shi, in ya taru a jini zuciya yake taɓawa, sai dai a jiƙa ya kwana a zubar da ruwan a ci kaɗan. Ɗanwake mai kanwa kam don Allah a fara tambayar likita.