Madubin hangen nesa na 10x50: ko yana nuna launin taurari?

Na sayi madubin nan mai ido biyu a Birnin Kebbi don in tabbatar wa kaina ko da gaske taurari suna da launi daban-daban. Yana kusanto da abu sau 10, faɗin gilashinsa milimita 50. A nan Argungu, idan an ɗauke wuta unguwa ta yi duhu, aikinsa yana gamsar da ni.

Kaza da 'Ya'yanta ce ta fi burge ni. Da ido shida ko bakwai kake ƙirgawa, da madubin sai ka ga gomomi, manyan cikinsu farare masu ratsin shuɗi. Kusa da ita ga Aldebaran, launin lemo sosai. Launin nan zafi yake nunawa, kamar ƙarfe a maƙera: ja yake fara yi, in wuta ta ƙaru ya koma fari. Tauraro mai shuɗi ya fi kowa zafi, ja kuwa shi ne mai dama-dama.

Shi'ira, wanda aka ambata a Suratun Najmi, fari ne ƙal. Zafin fuskarsa ya haura digiri 9,000, na rana kuwa wajen 5,500 ne. Nauyinsa ninki biyu na rana, haskensa ya ninka nata kusan sau 25. Su biyun suna cikin taurarin da har yanzu suke ƙona haidirojin a cikinsu, kusan kashi 90 cikin 100 na taurari ke nan, kuma a wannan rukuni mai nauyi shi ne mai girma, mai zafi, mai haske. Jajayen rukunin ƙanana ne masu dishi-dishi. Ɗaya daga cikinsu, Proxima Centauri, tauraro mafi kusa da rana, madubin nan ba zai nuna maka shi ba. Aldebaran kuwa tsoho ne da ya kumbura, ya riga ya fita daga rukunin.

Abin da ke ba ni takaici shi ne rawar hannu, dole sai ka dogara gwiwar hannu a kan katanga. Sannan lokacin da Shi'ira ke fitowa da farkon dare shi ne lokacin hunturu, hazo kuma yana dusashe launi. Ka jira daren da sama ta washe, tauraron ya hau sama sosai, ka ɗan kwance saitin ido kaɗan, launin zai fi fitowa. Malamin kimiyya da ke son nuna wa ɗalibai wannan, ya saya, amma ya haɗa da ƙafar ɗorawa.