Unbreakable ko Glass: wanne ya cancanci haƙurinka?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne za ka kalla cikin fina-finan nan biyu, Unbreakable da Glass: ɗauki Unbreakable kawai. M. Night Shyamalan ne ya ba da umarnin dukansu, kuma duka tafiyar hawainiya suke yi, amma ɗaya ne jinkirinsa yake biyan mai kallo.

Unbreakable ya fito a 2000, tsawonsa minti 106. Jirgin ƙasa ya yi hatsari, mutum 131 suka mutu, David Dunn, mai gadin filin wasa a Filadelfiya wanda Bruce Willis ya fito a matsayinsa, shi kaɗai ya tsira ko ƙwarzane babu. Lura da wurin asibiti: likita na yi masa tambayoyi can baya, a gaban kyamara kuwa wani majinyaci ne kwance, jini na ratsa farin ƙyallen da ke jikinsa sannu a hankali. Ba a gaggauta yanke hoton, don haka kai ma sai fargaba ta kama ka. Haka wurin ɗaga ƙarfe, inda shi da ɗansa Joseph suka yi ta ƙara nauyi har ƙarafan gidan suka ƙare, suka ɗaura gwangwanayen fenti. Kowane dogon shiru akwai abin da yake tabbatar maka game da mutumin nan, kafin shi kansa ya yarda da abin da Elijah Price, wanda Samuel L. Jackson ya fito a matsayinsa, ke gaya masa, cewa shi ba kamar sauran mutane ba ne. Dambe na gaske sau ɗaya ne, dab da ƙarshe, kuma ya wadatar.

Glass na 2019, ci gaban labarin Unbreakable, minti 129, yawancinsa a asibitin masu taɓin hankali ne, likita na ta dogon jawabi kan ko David Dunn na da wata baiwa ta musamman, tambayar da Unbreakable ya riga ya amsa. James McAvoy ya yi ƙoƙari, ban hana ba. Kuma in ba ka kalli Split na 2016 ba, fim ɗin da McAvoy ya fara fitowa a wannan matsayi, rabin labarin zai shige maka duhu.

Ka yi hattara da masu tura fim marasa amana. Wasu kan ba da kwafin da aka matse ƙwarai, Unbreakable kuwa duhu da ruwan sama sun yi masa yawa, sai fuskoki su dagule. Kafin ka biya, duba tsawon ya kai minti 106, sannan akwai baƙin layi sama da ƙasa. In hoton ya cika allo dam, an datse gefe da gefe ne, kar ka karɓa.