Baka Mai Kunama Ko Bindigar Toka: Wanne Ya Kamata Ka Saya?

Mai sha'awar tsofaffin makaman Turai da yake son mallakar kwaikwayon ɗaya, ya kamata ya fara tambayar kansa ko harbi zai riƙa yi ko kuwa ado yake nema a bango, domin amsar ce za ta raba gardama.

Baka mai kunama, wato bakan da aka ɗora a kan gungumen itace ana sakin tsirkiyarsa da kunama kamar ta bindiga, ya fi daɗin sha'ani ga mai yawan gwaji. Ba shi da ƙara, ba shi da hayaƙi, kuma kibiyar da ka harba za ka je ka zare ta daga allo ka sake amfani da ita. Wahalarsa tana wajen ɗanawa. Manya masu bakan ƙarfe ba sa ɗanuwa da hannu sai da na'urar juyawa, kuma da kyar mutum ya yi harbi biyu a minti guda. Saboda haka ina ganin mai farawa ya nemi matsakaici wanda ake ɗanawa da ɗan ƙarfen da ake jan tsirkiya da shi. Ka duba tsirkiya sosai kafin ka biya kuɗi, ka riƙa shafa mata kakin zuma, kada kuma ka taɓa sakin ta ba kibiya, domin hakan na iya karya bakan. Har yau mutanen Gubbio da Sansepolcro a Italiya suna gasar harbi da shi kowace shekara.

Bindiga mai lagwani, wato wadda ake kunna albarushinta da igiya mai ci da wuta, ita ce ta kore shi daga fagen fama, musamman bayan yaƙin Pavia a 1525, inda 'yan bindigar Sifaniya suka tarwatsa mahayan Faransa aka kama sarkinsu, Francis na Ɗaya. Ba saiti ya ba ta nasara ba, ƙarfin huda sulke ne da arhar albarushi da dalma. Wadda ta gaje ta, mai ƙanƙara, ita ce uwar bindigar toka ta mafarautanmu.

Sai dai ɗawainiyarta tana da yawa: albarushi na ƙarewa, laima na hana shi kamawa, kuma idan ba a wanke bututun duk lokacin da aka gama harbi ba, tsatsa za ta cinye shi. Ga batun izini: a Birtaniya ana buƙatar takardar mallakar bindigar da kuma ta ajiye albarushi, alhali dokar 1987 kan baka mai kunama ta hana sayar da shi ne ga wanda bai kai shekara 17 ba, daga baya aka ɗaga zuwa 18.