Akwatin tarwadar da aka kafa mini: gilashin ya yi, shawarar ce ta cutar da ni

Akwatin gilashin da na saya mai cin lita 150 ne, kuma mai shagon da kansa ya zo gidana a Rijiyar Zaki ya kafa shi tare da matatar ruwa da injin iska. Haɗin gilashin ba shi da makusa, domin yau wata uku ke nan ko ɗigo ɗaya bai zuba a kan darduma ba.

Abin da ya ɓata mini rai tun ranar farko aka shuka shi. Da ya gama kafawa sai ya cika akwatin da ruwan famfo, nan take ya juye 'ya'yan tarwada 12 a ciki. Na tambaye shi ko ba a barin ruwan ya kwana, sai ya yi dariya ya ce, "Alhaji, tarwada ce fa, ko a kwata rayuwarta take yi." A rana ta biyar ruwan ya yi fari kamar an dama koko, ƙarni ya cika falo, kifayen suka daina cin abinci suka tsaya a tsaye a saman ruwa, gashin bakinsu ya yi ja. Kafin mako ya zagayo huɗu sun mutu.

Wani maƙwabcina mai kiwon kifi ne ya zo da kayan gwaji ya nuna mini cewa amoniya ce, wani sinadari mai guba, daga kashin kifin da ragowar abinci ta taru. Sabuwar matata tana bukatar mako huɗu zuwa shida kafin bakteriyar da ke cinye amoniyar ta zauna a cikinta, ga kuma kulorin na ruwan famfo da ke kashe bakteriyar. Gaskiya ne tarwada tana iya shaƙar iska kai tsaye, amma hakan ba ya kare ta daga guba. Na koma ajiye ruwa a buɗaɗɗen duro ya kwana don kulorin ya fice, ina sauya kashi ɗaya cikin huɗu duk bayan kwana biyu, na kuma rage abinci, sauran takwas ɗin suka farfaɗo.

Har na fara yi masa uzuri, tunda matatar tana aiki sosai, sai hunturu ya shigo. Mai shagon bai taɓa ambata mini hita ba, wato na'urar ɗumama ruwa, alhali tarwada ta fi son ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30, sanyin asubar Janairu a Kano kuwa kowa ya san shi. Murfi ma bai sa wa akwatin ba. Wata safiya bayan na dawo daga masallaci na tarar da babbar cikinsu a ƙarƙashin kujera, ta yi butu-butu da ƙura tana motsi da ƙyar. Na kira shi sau uku a kan murfin, har yanzu "gobe insha Allahu" nake ji.